Igiyar Taubashi

Duk wanda ya taɓa sayen akuya a kasuwar Jibiya a shekarun can na mulkin Turawa ya san Kalilu, in bai san sunansa ba ya san igiyarsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta saboda tufka. Ranar kasuwa yakan zauna a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, da igiyoyin rama da na kaba jibge a gabansa, kuma fataken da suka gangaro daga Maraɗi ba sa wuce shi. Igiyarsa ba ta tsinkewa, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Mutanen Tudun Ƙirya, ƙauyensu da ke tsakanin Jibiya da iyakar ƙasar Faransa, sun daɗe da haƙura da bakin saboda igiyar.

Mai garin Tudun Ƙirya, Lawwali, taubashinsa ne. Uwar Kalilu, Inna Sakinatu, ita ke bin mahaifin Lawwali, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, tare suka sha bulalar malam ɗaya, ko da yake Kalilu ya sha rantsewa cewa har rabon Lawwali shi ya sha. To tun suna yara, duk shekara ranar cika-ciki, Kalilu yakan tufka sabuwar igiya ya laɓe, ya zarga wa Lawwali a ƙugu, ya ja shi yana kiransa bawa, ba ya sakinsa sai ya fanshi kansa. Da ƙuruciya fansar ƙuli-ƙuli ce. Da suka girma ta koma goro, wata shekarar ma zakara. Da aka naɗa wa Lawwali rawani mutane suka zaci wasan ya ƙare, ashe ba su san Kalilu ba. Cewa ya yi yanzu ne ma bawansa ya yi daraja.

Wasan yana da sharaɗi guda, yaro da babba a ƙauyen sun san shi: wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. In wanda aka ɗaure ya kwance da kansa, ko ya sa wuƙa, to ya ce ya fita daga wasan ke nan, wanda kuwa ya fita daga wasan taubasai ya fita daga zumuncin. Ba a taɓa jin wanda ya yi haka ba.

A shekarar 1958 cika-ciki ya faɗo tsakiyar damina, kuma shekara ce ta siyasa. A ƙasar Ingilishi ana ta maganar mulkin kai, a ƙasar Faransa ana cewa za a tambayi kowa, har mata, abin da yake so. Motocin da ke tsayawa a shingen kwastan sukan sauke kaya, su sauke labari. Masu rawani suka tsargu, masu lacca suka ƙara baki, aka riƙa kama mutane a kan magana. Kowa ya ji cewa wanda ya ci mutuncin mai sarauta a bainar jama'a, wata shida ne a gidan yari can Katsina. Kalilu ko a jikinsa. Shi ba ɗan kowace jam'iyya ba ne, kuma a ganinsa wannan doka ta shafi mutanen da ba su da taubasai ne.

Abin da ya dame shi daban ne. Farkon damina ruwa ya cinye hanyar motar da ta bi ta gefen ƙauyen zuwa iyaka, aka aiko a fito a gyara. Suka fito suka gyara, ba wanda ya ce uffan. Amma da hanya ta gyaru mai shela bai daina yawo ba. Gobe kowa ya fito da hauya gonar mai gari, jibi ma haka, kuma wai sunan abin gayya. Gayya dai an san ta: mai gona ya roƙa, ya sa a dama fura, ya kira makaɗi, wanda ya ga dama ya zo, wanda bai samu zuwa ba a ce Allah ya sa lafiya. Wannan kuwa, wanda bai zo ba sai a aika a tambaye shi ko ya shiga jam'iyya ne. Lokacin maimai ne, ciyawar harƙiya ta shaƙe geron mutane, su kuma suna can suna gyara na wani. Lawwali ba mugu ba ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Baƙi ne suka yi masa yawa, ga dawakin manya da za a ciyar in an zo rangadi, ga kuma kunne da ya saba da "ranka ya daɗe" har ya manta yadda "a'a" take. Mutane suna ta gunaguni a bayan zana, in sun gan shi su durƙusa.

Cika-ciki ya dace da ranar kasuwa. An kwana da ciki cike da tuwo da naman layyar da aka ɓoye, gari ya waye taubasai na bin juna da gudu. Da hantsi Lawwali ya shigo kasuwa cikin babbar riga, ya tsaya a bakin kara yana duba wani bijimi. Bai ankara ba Kalilu ya zura igiya ta hannun rigar, ya zagayo da ita ƙugu, ya ƙulle.

"Na kama shi! Jama'a ku shaida, bawana da ya gudu tun bara, ga shi na gano shi cikin shanu!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Lawwali ma dariyar yake yi, ya ɗaga hannu sama. "Kai ɗan gwaggo, har yau ba ka yi hankali ba? To hwaɗi, goro ko zakara?"

"Bana ban son goro, ban son zakara."

"To mi kake so?"

Daga baya Kalilu ya rantse bai fito gida da niyyar faɗin abin da ya faɗa ba. Hango Ahmadu ya yi cikin taron, maƙwabcinsa, wanda matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, geronsa kuma ya yi ja saboda ciyawa. Sai bakin nan ya buɗe.

"Fansarka ta bana, ka saki mutane su nome gonakinsu. Abin da kake yi ba gayya ba ce, aikin tilas ne, kuma ka sani. Kowa nan ya sani, tsoro ya hana su hwaɗi. Ni kuwa ban tsoron bawana."

Dariya ta ɗauke ɗif. Da an bar abin haka, wataƙila da Lawwali ya haɗiye, ya mayar da baƙar magana, a watse. Amma akwai Ɗanladi tela, ɗan jam'iyya ne na gani kashe ni, rumfarsa na kallon kara. Ya ture keken ɗinki ya hau benci yana ihu, "'Yanci! Yau talaka ya yi magana!" Samari suka amsa masa. Nan take wasan taubasai ya zama siyasa.

Akwai wani kofur na 'yan doka da aka kawo Jibiya bai daɗe ba. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Abin da ya gani shi ne mai rawani ɗaure kamar akuya, talaka riƙe da bakin igiya yana gaya masa magana, 'yan jam'iyya na ihu. Ya kutsa ya damƙe Kalilu. Mutane suka yi caa suna cewa ai taubasai ne, ya ce su adana bayaninsu su kai wa alƙali. Kalilu ya waiga yana jiran Lawwali ya ce a sake shi. Lawwali bai ce komai ba. Fuska murtuk ya tattara rigarsa ya fice daga kasuwa. Wannan shirun ya fi hannun kofur yi wa Kalilu ciwo.

Sarkin kara ne ya tsaya masa aka ba da belinsa, aka ce ya zo gaban alƙali ranar Alhamis. Kafin ya isa gida labari ya riga shi, har da ƙari. Wai an ga mai gari ya shiga gida yana neman wuƙa. Wai ya yanke igiyar ya jefa ta a murhu. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya ji daga wanda ya ji.

Kashegari da la'asar aka cika ƙofar gidan Kalilu. Ɗanladi ne ya fara isowa, baki har kunne, ka ce haihuwa aka yi masa.

"Ka tsaya gaban alƙali ka ce da yawun talakawa ka yi magana," in ji shi. "Duniya ta sake, Kalilu. An ce kowane ɗan Adam da haƙƙinai anka haihe shi, ya hwaɗi abin da ke ranai ba wanda ya isa ya rufe mai baki. Wata shida mi ne ne? In anka ɗaure ka sunanka har Ikko sai ya kai."

"Sunana ya kai Ikko," in ji Kalilu, "gerona kuma wa za shi nome shi? Kai da keken ɗinki?"

Lado, wani bafatake daga Maraɗi da ya daɗe yana sayen igiya a wurinsa, ya tofar da goro ya girgiza kai. "Ku bar wanga zance. Can wurinmu an ba mu takardar ɗan ƙasa, mun jefa ƙuri'a, har matata ta jefa. Aikin tilas an ce an hana shi tun bayan yaƙi. Amma in kumandan, Baturen mulkinmu, ya ɗaure fuska, masu bulala ba su tambaya ka jefa ko ba ka jefa ba. Doka tana takarda, bulala tana hannu. Ka bi ni gobe da safe, ka zauna garin Ɗan Isa, ƙetaren iyaka, wurin surukanka har ƙura ta lafa."

"Gudu ke nan," in ji Ɗanladi. "In kowa ya gudu wa za shi gyara?"

"Wanda ya gudu shi ka ba da labari," in ji Lado.

Daga bayan zana matar Kalilu, Barira, ta sa baki. Ita 'yar can ƙetare ce, kuma ba ta saba magana cikin maza ba sai da abin ya kai mata wuya. "Malam, ko ka tahi, ko ka ce wasa ne. Ai wasan ne! Ka ce ba ka nufin komi, ka ba da haƙuri, ka dawo gida. Ɗiyanka ba su cin 'yanci."

Da aka watse ya shiga wurin Inna Sakinatu. Ya same ta tana kaɗi, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Inna, ba ki ce komi ba."

"Mi zan ce? Kakanka yana da rawanin nan, in ya kauce ba mai iya gaya mishi sai taubashinai. Don haka anka bar wasan, ba don goro ba. Abin da ka hwaɗi gaskiya ne." Ta murza mazari. "Amma a zaure ake hwaɗi, kai da shi. Kai ka kai shi kasuwa, gaban Buzaye da 'yan kwastan. Ka ba shi magani, ka haɗa mishi da kunya."

"Ko za ki je ki gan shi?"

"Ban zuwa. Kai ɗana ne, shi ma ɗana ne. In ya yanke igiya ya yanke, roƙona bai mayar da ita."

Ranar Laraba Kalilu ya ɗauki hauya ya tafi gona. Gonarsa ita ce ta ƙarshe ta wajen arewa, a ƙarshenta kuma akwai tangaraho, dogon ƙarfen nan da Turawa suka kafa don nuna iyaka. Bayansa gero ne irin nasa, na wani ɗan'uwan Barira. Ba shinge, ba ɗan doka, tsallake kunya ɗaya kawai mutum zai yi ya zama ba shi cikin hannun alƙali. Kalilu ya jingina da ƙarfen. Tsoro yake ji, ba kaɗan ba. Ya taɓa ganin fursunoni a Katsina an jero su da gajerun wanduna suna ɗauke da bokitin ba-haya, kuma ya san in ya shiga yanzu ba zai fito ba sai an gama girbi, in akwai abin girbewa. Amma in ya tsallaka, sarkin kara da ya tsaya masa shi za a riƙe. In kuma ya ce wasa ne, to ya mayar da Ahmadu da sauran gonar mai gari da hannunsa, kuma badi ko ya ɗaura igiya ba abin da za ta ɗaure sai goro. Daga nan ya sunkuya ya nome kunyar da ke gindin ƙarfen, ya saɓa hauya ya koma gida.

Ranar Alhamis zauren alƙali ya cika har waje, mata suka tsaya nesa a gindin bishiyar bedi. Lawwali na zaune gefe cikin rawani, idonsa a ƙasa. Kusa da shi akwai wani mai alkyabba da aka ce manya ne suka aiko shi ya ga yadda za a ƙare. Kalilu ya san ma'anar zamansa. Mai garin da ya bari talaka ya gaya masa magana a kasuwa ya tafi salin alin, za a ce ba ya iya riƙe gari, kuma a shekarar an warware rawuna a kan abin da bai kai wannan ba.

Kofur ya ba da bayani, kuma a yi masa adalci, bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali, tsoho ne mai farin gemu da ba ya gaggawa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Kalilu.

"An ce mini mai gari taubashinka ne."

"Haka ne, Allah gafarta malam."

"Kuma ranar cika-ciki ce. To abin da ka yi, wasa ne?"

Duk wanda ke zauren ya gane ƙofa ce tsohon ya buɗe masa, ba abin da ya rage sai ya sa kai ya fita. Kalilu ya ɗaga kai ya dubi alƙali.

"Allah gafarta malam, igiya wasa ce. Magana ba wasa ba ce. In na ce wasa ce na yi ƙarya gaban shari'a. Laihina guda, a zaure ya kamata in gaya mishi, na kai shi kasuwa. Wannan ina neman gafaratai. Amma abin da na hwaɗi, haka yake."

Zaure ya ɗauki salati. Daga gindin bedi aka jiyo kukan Barira. Alƙali ya shafa gemu, ya juya wajen Lawwali.

"Mai gari, kai aka taɓa. Doka ta ba ka haƙƙi, kuma ka ji da kunnenka bai janye ba. Kana ƙara?"

Lawwali bai dubi mai alkyabba ba. Ya miƙe a hankali, ya kama babbar rigarsa ya yaye ta zuwa kafaɗa, ya ɗaga taguwar ciki. Igiya tana nan. Ƙullin Kalilu ne, ba wanda ya taɓa shi, sauran igiyar kuma an naɗe ta a ƙugu, ta ci fata har wurin ya yi ja.

"Allah gafarta malam, ni ɗaurarre ne," in ji shi. "Tun ranar kasuwa nike da ita. Da ita nike salla, da ita nike kwana, ta cinye mini ƙugu don wanga mugu bai iya tufka mai laushi ba. Ban fanshi kaina ba kofur ya tahi da mai kwancewa. Ina ɗaurarre ya ga ta kai ƙara?"

Wani ya kece da dariya a baya, ya yi maza ya toshe baki. Lawwali ya ci gaba, muryarsa ta sauka.

"Na yi hushi, ban ɓoye ba. Wuƙar da anka ce na nema, na neme ta, har na ɗora ta bisa igiya. Sai na tsaya ina tunani, in na yanke, wa ya rage Tudun Ƙirya da za shi dube ni ya ce Lawwali ka yi ba daidai ba? Na bi gida gida da zuciyata, ban samu kowa ba. Duk ranka ya daɗe ne. Sai na aje wuƙa." Ya juya ya fuskanci jama'a. "Fansar da ya yanka mini na biya. Daga yau ba mai zuwa gonata sai wanda na roƙa kuma ya ga dama. Ku shaida."

Mai alkyabba ya gyara zama, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Alƙali ya ce, "Shari'a ba ta kama mutum sai da mai ƙara da abin ƙara. Mai ƙara ya ce shi ɗaurarre ne. Abin ƙara kuwa, shi da bakinsa ya gaskata shi. Ni dai ban san inda aka ce a ɗaure mutum don ya faɗi gaskiya mai ita ya karɓa ba. Kofur, ka yi aikinka, ba ka da laifi. Kai kuma mai igiya, kasuwa ba zaure ba ce, ka riƙe wannan. Tashi ka kwance ɗan'uwanka."

Kalilu ya rarrafa ya durƙusa gaban Lawwali. Ƙullin da ya yi da hannunsa, wanda yake kwancewa ko idonsa rufe, ya gagare shi, ga hawaye ya cika masa ido. Godiya ce ta cika masa ciki har ya rasa ta inda zai fara, ga Allah, ga tsohon nan da ya buɗe masa ƙofa bai kuma yi fushi da ya ƙi bi ta cikinta ba, ga wannan mutum da ya yi kwanaki da ƙaiƙayin rama a jikinsa ya kuma jefa rawaninsa cikin haɗari saboda shi.

"Yi sauri, bawa," in ji Lawwali ƙasa-ƙasa. "Jibiya duk sun gama ganin cibiyata."

A waje gardama ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ɗanladi ya ce 'yanci ne ya yi nasara. Lado ya ce ba wani 'yanci, sa'a ce ta alƙali mai tsoron Allah da taubashi mai zuciya. Abin mamaki, Ɗanladi bai musa ba. Ya kama hannun Kalilu ya ce, "To ka ji. Kai kana da taubashi mai rawani. Ahmadu fa, in da shi ya hwaɗi abin da ka hwaɗi? Yau da yana hanyar Katsina. Shi ya sa muke son a rubuta shi doka, wanda ba shi da igiya shi ma ya samu bakin magana." Maganar ta zauna wa Kalilu a rai.

Abin bai tafi wa Lawwali a banza ba. An kira shi an yi masa wankin babban bargo, aka ce ana duban lamarinsa, har ƙarshen damina ba wanda ya san ko rawanin zai kai badi. Mai shela dai ya daina yawo. Mutane suka duƙufa a gonakinsu, Ahmadu ya ceto abin da ya ceto daga bakin harƙiya. Barira ta dafa zakara ta aika gidan mai gari, aka dawo da kwanon cike da goro. Inna Sakinatu kuwa, an ji ta tana waƙa wurin kaɗi.

Da Kalilu ya gama maimai a tasa gonar, wata safiya ya saɓa hauya ya nufi gonar mai gari. Ya tarar da ita fetal, ba kowa sai Lawwali da 'ya'yansa. Mai gari ya tuɓe rawani ya rataye a reshen gawo, yana sunkuye yana haki, ya bar ciyawa a bayansa fiye da wadda ya cire. Kalilu ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai.

"Wai haka ake noma a gidan sarauta? Matsa, kada ka kashe geron."

Lawwali ya ɗago, gumi na bin gemunsa. Ya dubi hauyar, ya dubi mai ita. "Ban aika a kira ka ba. Wa ya ce ka zo?"

"Ba kowa," in ji Kalilu. Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama kunyar da ke kusa da ta taubashinsa. "Shi ya sa na zo."